Kansila, Kifin Da Ka Bar Min

Zuwa ga Yayana Sagiru, a duk inda yake a bayan ƙasa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, da fatan wannan rubutu zai riske ka da ranka da lafiyarka. Mutanen Kangire suna nan yadda ka bar su. Inna tana nan, kuma da ta san ina rubuto maka da ta ce in gaishe ka, don haka na gaishe ka a madadinta.

Wata tara ke nan lambarka ba ta shiga. Shi ya sa na ajiye wasiƙar a nan shafin sada zumunta inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani daga cikin waɗanda kuke haƙar zinare tare da su can bayan Agadas ya ci karo da ita ya miƙa maka waya. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san allo na yi, bokon a waya na tsince shi.

Maganar Kansila ce ta sa na zauna, Yaya. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka fara zagina.

Ka tuna ranar da ka sauka a tashar Birnin Kudu daga Legas? Na zo ɗaukarka a mashin ina ta lissafin takalmin da ka ce za ka kawo min. Sai ga ka ka fito daga mota rungume da jarka kamar mai jego da jariri. Kowa in ya dawo daga Kurmi atamfa yake riƙowa, ko agogo, ko rediyo. Kai ka riƙo kifi guda ɗaya wanda bai wuce babban yatsa ba, kuma ka ce ko kyanwa ta ci shi sai ta mutu. Duk hanya kana dukan kafaɗata kana cewa in bi a hankali. Ni kuwa duk ramin da na hango sai na nufe shi.

Da ka juye shi a akwatin gilashin nan da ka sa aka haɗa maka, sai na tsuguna ina ƙare masa kallo. Bayansa kore shar kamar sabon tohon zogale, da ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an ɗiga masa tawada da alƙalami. A tsakar kansa akwai wani wuri da ke ƙyalli in rana ta shigo ta taga. Cikinsa kuwa fari tas, ya fi ƙwan da aka ɓare fari. Idanunsa kowanne da inda yake kallo, irin na hawainiya. Ka ce talibambam ne, amma ba irin na kogunanmu ba.

Ni na raɗa masa suna. Na ga tumbi a gaba, ga tafiya a hankali, ga shi ba ya zuwa wajen mutum sai ya ga abinci a hannunsa, na ce wannan ai Kansila ne. Ka harare ni, amma kafin sati kai ma da sunan kake kiransa.

Ka ce a inda kogi ke haɗuwa da teku ake samun irinsa, don haka ruwan daɗi zalla ba ya riƙe shi, sai na zartsi. Na ce to ai ta kwana gidan sauƙi, ga rijiyar bayan masallaci da ko wanki ba ta kumfa. Ka ce a'a, zartsin rijiyarmu daban, nasa daban. Ka nuna min buhun gishirin teku da ka taho da shi, ka ce ko na miya ba a zuba masa. Ba ka da wani ma'auni. Sai ka dama a bokiti, ka tsoma yatsa ka ɗanɗana, ka ƙara, ka sake ɗanɗanawa. Da na tambaye ka yaya ake gane ya yi daidai, ka ce: «In ya kai gishirin hawaye, ya isa.»

Na ce ni rabona da kuka tun ina goye, ina zan san ɗanɗanonsa? Ka ce wannan matsalata ce. Washegari na sato albasar Inna guda biyu na yanka a gaban idona, ina hawaye ina lasa ina tsoma yatsa a bokiti. Ka shigo ka same ni a haka, ka yi dariya har sai da ka zauna a ƙasa. Ina jin rabon da in ga dariyarka ta kai haka tun muna yara.

Ka koya min sauran. In ruwa ya ragu saboda zafi, ruwan daɗi ake ƙarawa, don gishirin bai tafi ko'ina ba. Duk sati a kwashe kashi ɗaya cikin uku a zuba sabo. A goge ɗan injin iskar, kada ƙura ta rufe farantin sola. Abincinsa dodon koɗi da ɓawonsa, don haƙoransa ba sa daina tsiro, in bai samu abu mai tauri ya gurgura ba sai su rufe masa baki yunwa ta kashe shi ga abinci a gabansa. Na zama abin dariya a fadama, ƙato da ni ina bin gindin shinkafa da gwangwani ina tsintar dodon koɗi. Amma in na jefa masa na ji ƙarar ƙurus ɗin nan, wallahi daɗi nake ji.

Ka ce kifi ba ya magana, amma wannan cikinsa ne bakinsa. In fari ne, lafiya lau. In ya yi toka-toka, wani abu ya dame shi. In ya yi baƙi, to a tashi tsaye.

Kuma ka kama kunnena, ka murɗa da gaske, ka ce: «Kada ka kuskura ka sa shi ya kumbura. Kumburin nan ba wasa yake yi ba, mutuwa yake gani.»

Da za ka tafi hamada, babu wanda bai ce kada ka bar min shi ba. Kawu Idi ya tuna maka ranar da na ɗaure masa akuya a bayan keke ya ja ta har bakin titi. Wani ya kawo zancen kwaɗon da na saka a butar ladan. Inna da kanta ta ce gara a kai shi gidan Malam. Kai kuma ka ce: «Bala zan bar wa. Ba a taɓa ba shi riƙon komai ba, shi ya sa bai san nauyi ba.» Na yi dariya na ce ka yi asarar kifi. Amma da na shiga ɗaki sai da na daɗe a zaune. A duniya kai kaɗai ka taɓa miƙo min abu ka juya baya ba ka waiwaya ba.

Na riƙe shi, Yaya. Wannan kam ko maƙiyina zai shaida. Wata huɗun farko da kake kira, ai kana gani a hoto, har ka ce ya fi ƙiba a hannuna.

Da wayarka ta ɗauke ne Inna ta fara wani abu. Ka san idonta, yanar nan ta ƙaru, yanzu sai dai ta ga inuwar mutum. Kullum in ta idar da lazimi sai ta lallaɓo ɗakinka ta dafa gilashin da yatsa. Kansila ya saba, sai ya taso ya riƙa bin yatsan duk inda ta ja shi. Sai ta ce: «Bala, yaya cikin nasa?» In ce fari tas, Inna. Sai ta ce: «To, Sagiru ya kwana lafiya.» Daga nan ne za ta iya shan koko.

Malam ya ji labari ya zo har gida ya yi mata nasiha, ya ce wannan camfi ne, kifi bai san gaibu ba. Ta sunkuyar da kai ta ce: «Na sani, Malam. Ni dai tambaya nake yi.» Washegari ta sake tambaya. Ni ma ban hana ta ba. Wasu matan da 'ya'yansu suka tafi tare da ku sun rame sun lalace, Inna kuwa tana cin tuwonta. Da cikin kifin nan take tsaye.

Yanzu ga abin da na yi.

Wata rana da yamma 'yan majalisarmu ta wajen mai shayi suka biyo ni gida su huɗu. Ɗan'asabe ya leƙa ya ce ƙarya ne, wannan ɗan abin ba ya wani kumbura, an dai cuci Sagiru a Legas an sayar masa da ɗan kwaɗo mai fenti. Suka yi ta dariya. Ka san ni, Yaya, a yi dariya a wuri ba ni na jawo ta ba, sai in ji kamar an ƙwace min sana'a. Na ɗauko rariyar Inna na kamfato shi na ɗaga sama, na sosa masa ciki da tsinke.

Ya kumbura. Ya zama kamar lemon tsami, 'yan ƙayoyi suka miƙe a jikinsa, yana wata 'yar ƙara ƙyat ƙyat. Suka fashe da ihu, aka fito da wayoyi. Na ce ga Kansila an hana shi kwangila. Ɗan'asabe har da faɗuwa. Na mayar da shi ruwa ya sace, suka ce in sake. Na sake. Sau uku na yi.

A na ukun iskar ta ƙi fita. Ya riƙa yawo a saman ruwa a karkace, yana kaɗa 'yan fukafukansa yana son nutsewa ya kasa. Su suka tafi suna dariya, ni na tsuguna a gabansa har aka kira magariba. Daga baya ya sace, ya sauka ƙasa ya lafe a bayan dutse. Da safe cikinsa ya koma kalar toka.

Inna ta zo ta tambaya. Na ce fari tas.

Tsoro ya sa na riƙa canza masa ruwa kullum, wai ko zai wartsake. Ban lura ba sai da na ji hannuna ya taɓo gindin buhu. Gishirin da ka auna zai kai mu shekara biyu na ƙarar da shi. Na zaga kasuwar Birnin Kudu rumfa rumfa ina tambayar gishirin teku. Wani ya ce gishiri ai gishiri ne, wani ya ce ko aljanu ne suka aiko ni. Da yake ni ne, babu wanda ya yarda da gaske nake, kowa jira yake ya ga inda wasan zai ɓullo.

Sai na kai wa Kawu Idi kuka, tunda shi ne mai kiwon raguna, ya san ciwon dabba. Ya zo ya leƙa, ya taɓe baki ya ce duk dabbar da ta ƙi ci ta dusashe, kanwa take nema. Ya ce da ita yake tayar da ragon da ya kwanta, da ita Fulani ke gyara shanu, kifi ai ba zai fi saniya ba. Kuma ya ce zartsin da kake faɗa ai kanwa ce, me ke sa rijiya zartsi in ba ita ba? Na tuna ka ce daban suke. Wallahi na tuna. Amma ba ka nan, shi kuma yana tsaye a kaina da furfurarsa. Ya ciro jar kanwa daga aljihu, na daka, na jiƙa, na zuba.

Yaya, ban taɓa ganin abu mai rai ya yi gudu irin wannan a wurin da babu wajen gudu ba. Ya riƙa dukan gilashi ta nan ta can. Wani farin abu mai yauƙi ya fara saɓulewa daga jikinsa. Na kwashe ruwan da sauri na ɗura na randa, amma aikin ya riga ya gama. Gefen fukafukansa ya ƙone. Koren nan ya koma kamar rama da aka dafa aka bari ta kwana. Ɗige-ɗigen suka dushe. Cikin ya yi baƙi ƙirin. Na jefa masa dodon koɗi, har dodon ya hau bayansa yana tafiya bai motsa ba.

Kawu ya ce ƙila na cika hannu ne, ya saɓa rigarsa ya fita.

Kwana goma sha ɗaya ina ce wa Inna fari tas. Ta ce me ya sa ba ya bin yatsanta, na ce ƙoshi ne, Kansila ya ci kason jama'a ya kwanta. Ta yi murmushi. Ƙarya ta dubu nawa na yi a rayuwata, duk don a yi dariya, ban taɓa jin wadda ta yi min nauyi kamar wannan ba.

Aka ce min masuntan Gwaram sun san talibambam, sai na hau mashin na tafi. A bakin kogi na samu wani tsoho, Baba Mamman, yana ɗinkin koma. Na nuna masa tsohon hoton Kansila da na yanzu. Ya daɗe yana kallo ya ce: «Yaro, wannan ba namu ba ne. Namu zane gare shi, naka ɗigo. Kuma kifin da ya saki kalarsa haka ya riga ya yi sallama, jiki ne kawai bai ji ba.»

Na zauna a kan yashi. A nan ne tsohon halina ya raɗa min wata dabara. Na tambaye shi ko zan samu ɗan ƙarami mai rai. Ya yi dariya har yana tari, ya ce su da ke tsine masa don yana yanke musu fatsa, yau ga wanda ya taho tun daga Kangire neman sa. Ya leƙa cikin kwalekwale ya kamo min ɗaya ya jefa a bokitina, ya ce in ƙara gaba kafin a ce shi ma ya taɓu. Mai zane-zane ne ruwan ƙasa da rawaya, amma cikinsa da haske. Na ce a raina, Inna ai inuwa take gani.

Kansila ya mutu ranar Talata da hantsi. Ina zaune a gabansa. Bai yi wani motsi ba, fukafukan ne kawai suka tsaya. Na naɗe shi a ƙyalle na haƙa rami mai zurfi a gindin zogale don kada kaji su tono. Na wanke gilashin, na zuba ruwa, na saki na Gwaram a ciki. Har na ɗebo gishirin miya na ajiye kusa da bokiti ina kaɗa cokali, don Inna ta ji ƙarar da ta saba ji.

Da safe ta zo. Ta dafa gilashin. Baƙon ya tsere bayan dutse. Ta ja yatsa hagu, ta ja dama, ta bar shi a wuri ɗaya. Ta ce: «Bala, yaya cikin nasa?» Na ce fari tas, Inna, kuma karon farko cikin kwanaki da yawa ba ƙarya na yi ba. Ta ce alhamdu lillahi. Ta daɗe a tsaye, hancinta kusa da ruwan.

Sannan ta ce, a hankali, ba tare da ta juyo ba: «Kada ka zuba masa gishirin nan. Na kogi ba ya so.»

Na manta, Yaya. Na manta a Gwaram aka haife ta, a gidan masu koma, a bakin wannan kogin ta yi wankan yarinta. Ban sani ba ko ƙamshin ruwan ta ji, ko yadda ya gudu ne. Ba ta faɗa ba, ni ma ban iya tambaya ba. Ba ta zage ni ba, ba ta ce yaushe ya mutu ba, ba ta ce me ya kashe shi ba. Ta dafa bango ta fita. Kokon da na kai mata har azahar yana nan a rufe.

Yau kwana shida ba ta sake tambayata komai ba. In ta idar da lazimi sai ta ci gaba da zama a kan buzu. Shekaranjiya ta sa na sauko da rigunanka daga ƙusa, ta ninke su ɗaya bayan ɗaya ta zuba a akwati. Jiya na ji tana ce wa Kawu Idi ya tambayo mata Malam, wai in mutum ya ɓata babu labari, har tsawon yaushe ake jira kafin a yi masa sadaka.

Ni na jawo. Hamada ta yi wata tara tana jan ka, Inna tana riƙe da ɗan zaren nan, ni na zo na tsinke shi don Ɗan'asabe ya yi dariya. Hoton yana nan yana yawo a wayoyin mutane, har a Kiyako wani ya tare ni ya ce in zo in yi musu na Kansila. Na ce masa ya rasu, ya ɗauka wasa ne, ya ce Allah Ya ba mu wanda ya fi shi tumbi.

Ba na cewa ka yafe min. Ban ma san ko akwai kai ɗin da zai yafe ba, kuma wannan ne karon farko da na bar bakina ya faɗi haka. Abu ɗaya nake roƙo. In kana numfashi, ka ari wayar kowa ka turo murya, ko ta daƙiƙa biyar ce. Ka zage ni. Ka ce Bala jaki ne, ka ce dama an gaya maka. Zan kai mata ta ji, in ƙure ƙarar, in yi ta maimaita mata har batir ya mutu. Zaginka kaɗai zai sa ta buɗe akwatin nan.

Ɗazu bayan la'asar ta kira ni. Na ɗauka faɗan ne ya iso, har na ji sanyi. Sai ta ce gobe in sa mai a mashin in mayar da na Gwaram inda na ɗauko shi. Na ce ai zan iya riƙe shi, na koyi aikin yanzu. Ta girgiza kai ta ce: «Mayar musu da ɗansu. Wa ya sani, ko shi ma akwai mai jiransa.»

Zan kai shi da safe in Allah Ya yarda.

Ya Allah, in Sagiru yana raye, Ka tsare shi daga rami da ƙishirwa da mugun mutum, Ka sa waya a hannunsa. In kuwa Ka riga Ka karɓe shi, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa an samu wanda ya yi masa sutura ya fuskantar da shi alƙibla, kuma Ka aiko mana da labari ko mai ɗaci ne, don tsohuwar nan ta san addu'ar da za ta riƙa yi. Ka yafe min abin da na yi wa bawanKa da ba ya iya kuka. Amin.

Ka huta lafiya, Yaya, in hutu yana samuwa a inda kake.

Ni ne ƙaninka da ka ba riƙo,
Bala,
daga Kangire.